Masu harkar DJ a taimaka: kiɗan nan mai bes da ake ji a ƙirji, daga ina ya fito, kuma zai ci a Zariya?

Ɗan_Palladan:

Salam 'yan uwa. Dan Allah masu harkar DJ da masu haɗa sauti ku zo ku fitar da ni duhu, abin nan ya hana ni barci.

Ni shekara uku kenan ina bin wani ogana wajen biki, kamu, dina, wani lokacin fatin ɗalibai in sun gama jarabawa. Da ni ɗan ɗaukar kaya ne da jona waya, tun bara ya fara sakar min laftof in ya gaji. Aikin dai kun san shi, a sa ta amarya a sa ta ango, ƙawaye su fito a yi liƙi, a jefa amapiano biyu uku kowa ya kama gabansa.

To kwanakin baya wani ɗan aji huɗu da muke shiri da shi a Samaru ya ɗora min hedifon ɗinsa yace saurari wannan. Wlh minti biyun farko tambayarsa nake ina waƙar? ba mai rerawa, ganga ɗaya ce take faɗowa jefi-jefi, sai wani abu can ƙasa yana gurnani kamar kana tsaye ƙarƙashin gadar Kwangila tirela na wucewa ta samanka. Yace wai dubstep sunansa, amma ba mai hayaniyar nan na Amurkawa ba, na ainihi na Landan. Ya tura min guda uku masu tsawon awa awa, tun ranar kunnena bai koma daidai ba.

Asabar ɗin da ta wuce aka bani fati a wani gidan haya na ɗalibai, oga baya gari. Wajen goma da rabi tsakar gida ta cika maƙil ana ta cashewa, nace yau zan nuna musu abinda basu sani ba. Na sauke wanda ake rawa da shi na ɗora nawa. Jama'a ko minti uku ba a yi ba fili ya zama wayam, 'yan mata suka koma kujeru suna latsa waya, wani ya zo ya dafa ni yace DJ sifikarka ce ta lalace? Kuma kamar da bakinsa, dan haushi na murɗa bes har ƙarshe wai dan su ji abinda nake ji, sai wufa ɗaya, wato babban bakin sifikar mai fitar da bes, ta fara warin ƙonewa ta yi tsit. Yanzu oga yace a cikin kuɗina za a cire na naɗin koyil, wato wayar da aka naɗa a cikinta.

Tambayata, su waɗannan DJ ɗin me suka taso suna ji har suka iso nan? ya suke jan dare har mutane su bi su? Kuma tsakani da Allah abin nan zai ci a Zariya ko in haƙura in koma amarya fito fili?

TsohonDije:

Wa alaikassalam ƙanena. Na yi dariya har da ƙwalla, ba ta mugunta bace, abinda ya same ka ya same ni tun lokacin da jakar CD muke ratayawa, ni har jifa na sha da ledar ruwa. Gyara zama.

Ni a Tudun Wada na tashi amma a Sabon Gari kunnena ya buɗe. Da akwai masu shagon kwafar kaset da suke fito da ƙatuwar sifika ta katako bakin titi su saki reggae tun hantsi, ni kuma in an aike ni kasuwa sai in maƙale a gefe, in koma gida in sha faɗa. Abinda ya fi kama ni ba waƙar bace, wajen da murya take ɓacewa ne a bar ganga da jitar nan mai kaurin murya su kaɗai, amsa-kuwwa tana ta yawo a kai. Sai da na girma na san sunansa dub, kuma duk abinda abokinka ya sa maka jikan wannan ne. A Jamaika tun shekarun 1950 talaka bashi da kuɗin shiga otal ya kalli makaɗa, sai mutane irin su Duke Reid da Coxsone Dodd suka riƙa jibge sifiku kamar gini a fili a Kingston suna sa faifai, ana gasar wa ya fi nauyin sauti, wa ke da faifan da ba kowa ke da shi ba. Sai wani mai gyaran rediyo da amfilifaya, King Tubby, ya fara ɗaukar waƙar da an riga an gama, ya zare murya, ya zare fiyano, ya bar ganga da bes, ya riƙa leƙo da sauran kaɗan kaɗan yana janyewa. Ka lura fa, mai gyara ne ba mawaƙi ba, irin injiniyoyinmu na layin kayan wuta, shi yasa ya san abinda sifika zata iya ɗauka.

Daga 1948 mutanen Jamaika suka fara kwarara Ingila neman aiki, suka tafi da al'adarsu. 'Ya'yansu da jikokinsu da aka haifa a Landan da Bristol, da 'ya'yan turawan da suka tashi unguwa ɗaya, su suka aurar da bes ɗin iyaye da na'ura. Farkon shekarun 1990 aka yi kiɗan da ake ce ma jungle, gudu kamar an biyo ɓarawo, bugu 160 zuwa 170 a minti, amma bes ɗin yana tafiyarsa a hankali a ƙarƙashi irin ta reggae. Bayansa aka yi kiɗan garage mai bugu wajen 130. Farkon shekarun 2000 wasu yara a Croydon, kudancin Landan, masu zaman wani shagon faifai da ake kira Big Apple, irin su Skream da Benga, lokacin ko ashirin basu kai ba, suka tsame zaƙin garage suka bar duhun. Shi ne dubstep, bugu 140. A 2005 su Mala da Coki da Loefah suka fara wani daren sa wannan kiɗan da suke kira DMZ a unguwar Brixton ta Landan. Ba a manyan gidajen rediyo ya girma ba, a rediyon sata ne irin Rinse FM da suke ɓoye eriya a saman dogayen benaye tun 1994, sai 2010 suka samu lasisi. Ma'anar underground ɗin da suke faɗa kenan, ni kiɗan lungu nake ce masa. Ƙaramin ɗaki, duhu, ba liƙi, ba kiran sunan Alhaji wane, kowa ya fuskanci sifika.

Amma in gaya maka gaskiya duk wannan tarihin daga baya na binciko shi. Bes na farko da ya taɓa shiga jikina a Ƙofar Fada ne, ina kan wuyan babana ranar hawan sallah aka buga tambari. Ba a kunne na ji shi ba, a cibiya na ji shi. Haka in mata suna kiɗan ƙwarya a cikin gida, wadda ake kifawa kan ruwa a baho, dum ɗin nan da take yi har bayan katanga kana ji. Dan haka kar wani ya ce maka kunnen Bahaushe bai san nauyi ba. Ya sani sarai, kawai ba a saba bashi shi tsurarsa babu waƙa a kai ba.

Yanzu kuskurenka. Ka ɗauko baƙo ka cusa shi tsakar gida ba sallama. Suna kan amapiano wajen bugu 112 ƙafa ta saba, kai kuma ka kawo 140 wanda babbar gangarsa sau ɗaya take sauka cikin kowane bugu huɗu, a kan na uku, shi yasa jiki yake jinsa kamar 70. Kaga lokaci ɗaya ka ƙara musu gudu ka kuma rage, ƙafa ta rasa inda zata taka. An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma ai ba a ce a cikin minti ɗaya ba.

Ni yadda nake yi, awa guda nake ɗauka ina hawa. In fara da abinda suka sani, in tsinto amapiano masu ƙarancin waƙa da log drum mai nauyi, wato gangar nan mai bes ta amapiano, in zame zuwa gqom, wani kiɗan Afirka ta Kudu, ina ƙara gudu biyu biyu ba wanda ya lura, sai dai su tsinci kansu a 130 suna gumi. A nan zan jefa na lungu guda ɗaya, ɗaya tak, in ina da muryar wata waƙa da suka sani in ɗora a kai. In ya karɓu in ƙara, in naga kafaɗu sun tsaya in janye ba girman kai. Idona ba ya kan laftof, yana kan mutum biyu uku da na zaɓa a fili tun farko, yawanci mata, in sun zauna to an tashi kasuwa.

Sannan bes biyu basa zama tukunya ɗaya. In zaka shigo da sabon kiɗa ka rufe ƙasansa gaba ɗaya a miksa ka bar samansa yana shiga, in an kai kan gaɓa sai ka kashe na tsohon ka buɗe na sabon a tare. Kuma abinda na koya wajen Tubby ɗin nan, ɗaukewa ta fi ƙarawa aiki. Ka ɗauke musu bes na ɗan lokaci su ji yunwarsa, ka bari har wani ya fara hararar ka, sannan ka sake shi. Ihun da zaka ji a nan ko ka murɗa har maɓalli ya karye ba zaka samu ba.

Injiniya_SabonGari:

Oga TsohonDije ya gama magana ta ɓangaren kiɗa, Allah ya ƙara girma. Ni bari in yi ta wufar da ka kashe, tunda irinku ne kuke ciyar da mu.

Ko ban gani ba nasan kayan ogan naka irin na biki ne, inci 15 guda biyu a kan sanda da ƙaho a sama. Waɗannan an yi su ne dan murya da fiyano su fita tar har layi na uku. Kiɗan da kake magana nauyinsa tsakanin Hz 30 da 60 yake zaune, Hz ɗin shi ne sau nawa sauti ke kaɗawa a sakan ɗaya, kunnen ɗan adam ma daga wajen 20 yake fara ji, wato kana dab da inda ji yake ƙarewa jijjiga ta karɓa. Sifikarka bata iya fitar da wannan, sai dai takardar ta yi ta kai da komowa a banza, wutar da kake ɗura mata ta koma zafi, koyil ya ƙone. Yaron da ya tambaye ka ko ta lalace bai yi ƙarya ba, rabin kiɗan bai fito ba sam, ganga da iska kawai suka ji. A hedifon ka ji shi ne dan yana manne da kunnenka, iskar da zai tura kaɗan ce. Tsakar gida kuwa ba rufi, sai ka tura iska mai yawan gaske.

Abinda ake nema sab, wato sifikar da bes kaɗai take fitarwa, inci 18, in da hali biyu, akwati mai kauri wanda ba ya rawa, da amfi nasa daban, da kirosoba da zata raba aiki, daga wajen 100 zuwa ƙasa ya tafi sab, abinda ya yi sama ya tafi na kan sanda. Ka yanke duk abinda ke ƙasa da 30 ko 35, ba abinda yake sai cin wuta da wahalar da sifika. Ka ajiye su a ƙasa manne da juna, in ka samu jikin bango ya fi, ba ɗaya gabas ɗaya yamma ba. Dalili kuwa, igiyar sautin Hz 40 tsawonta ya haura mita 8, in ka raba su sai su riƙa cin juna, nan ƙirji na girgiza, ka matsa taku uku ka ji wayam. Kuma ka duba jar waya da baƙa, in ka juya ta guda ɗaya to wannan na turawa waccan na ja, bes ya ɓace, kai kuma ka yi ta ƙarawa har ka ƙona. Wlh da yawan aikin da ake kawo min wannan ne sanadi, kuma mai shi sai ya rantse sifikar ce jabu.

Sai jar fitilar nan ta jikin amfi. In tana ƙiftawa jefi-jefi gargaɗi take maka, in ta zauna daram ka fara lissafin kuɗin naɗi. Sai inji, bes shi ne mai shan wuta, ƙaramin janareto duk sanda bes ya sauka zaka ji ya yi nishi ƙwai ya dushe, wuta ta yi ƙasa amfi ya fara shaƙe sauti tun bai kai ƙarfinsa ba. Kuma dan Allah ku daina haɗa layi ɗaya da firizar masu lemo.

Kunnenka kuma ka kula da shi. Ni na hagu yanzu dare da rana kuka yake min kamar gyare. Sauti mai desibel 100 minti 15 ya ishi kunne a yini, ku kuma gaban sifika kuke raba dare. Abin toshe kunne ba shi da tsada.

Kawo wufar in gani, in maganaɗisun bai goce ba naɗi ne kawai.

Ummi_Kongo:

Ni ba DJ bace amma ni ce wadda kuke kora kan kujera dan haka nima inada ta cewa.

Yaya Ɗan_Palladan ka duba fa, mace ta yi kwalliya ta biya keke daga Kongo har Samaru, awa biyu gareta kafin a fara kiranta a waya, ta zo ta yi waƙa da ƙawayenta a ɗauki bidiyo. Sai ka sa mata abinda ba baiti ba amshi, me zata riƙe? Kuma ku in kun sa irin wannan har fuskarku canzawa take, ku sunkuyar da kai kuna kaɗa shi kamar malami na jiran a bashi amsa, mu kuma a kalle mu a matsayin waɗanda basu waye ba. Gaskiya rabin masu cewa su 'yan underground ne a makarantar nan yanga ce kawai, yara ne masu kuɗin data.

Amma ba wai bama son nauyi bane. Meye amapiano in ba bes ba? cire log drum ka gani ko wata zata tashi. Kuma akwai ranar da wani ya sa mana gqom wajen minti ashirin a jere, ba waƙar kirki sai ihu ɗaya da ake ta maimaitawa, wlh har takalmi na cire. Daga baya na je na duba, ashe yaran unguwannin Durban ne suke haɗa shi a kwamfuta a ɗakunansu, irin su DJ Lag, kuma motocin haya ne suka yaɗa shi, direba ya saki a mota fasinja su ji su nema. Nace to ai mu ma muna da su, 'yan keke napep ɗin nan da suke ɗaure wufa ƙarƙashin kujera har bayanka na kaɗawa daga PZ zuwa Samaru. In kuna so abinku ya shiga gari ku basu a memori, su ne rediyon satar Zariya.

Maganar ƙaramin ɗaki mai duhu kuma da Baba TsohonDije ya yi, Baba ka yi haƙuri wannan a Landan ne. A nan ka tara maza hamsin a ɗaki ka kashe fitila ba macen da zata shiga, ni dai ko da kuɗi. In da gaske kuke ku yi shi daga la'asar a tashi kafin dare ya yi nisa, waje mai haske, a san wa ya gayyaci wa.

Makwabcinku:

Ku kuna ta hz da inci kaza. Ni gidana bango daya ne da irin gidajen hayan nan, inada jariri da tsohuwa mai hawan jini. Waka in ka rufe taga tana raguwa, amma wannan dum dum din ko ka sa filo a kai ta cikin gado yake biyowa, kwanon rufi na kara kofi na tafiya a kan tebur. Karfe daya karfe biyu, mutum ya makara asuba ya tafi aiki ido jajir. Ku ji tsoron Allah, hakkin makwabci ba wasa bane.

Injiniya_SabonGari:

Malam gaskiyarka ne, Allah ya baka haƙuri. Bulo inci 6 yana tare siririn sauti amma mai kauri ratsa shi yake ya bi ƙasa da gini, kuma mai fatin ba zai sani ba dan shi a wajensa waƙa ta rufe. Ba maganin da ya wuce a rage ko a fita cikin unguwa a kama zauren taro. Ɗan_Palladan in ka kunna kaya ka zaga bayan gida da ƙafarka ka ji abinda mutane ke ji.

BakanoASamaru:

Zage-zagi sannunku da ƙona sifika, mu a Kano sai mun gama biyan bashinta muke ƙonawa.

Ni ɓangaren haɗawa nake, da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a wata tsohuwar laftof da batirinta ya mutu tun tuni. Mutumina abinda zan ce maka kar ka tsaya sa na wasu kawai, fara haɗa naka, ba wani sihiri a ciki. Bes ɗin da ake ce ma 808 sunan wata na'urar ganga ce ta kamfanin Roland, TR-808, da ta fito a 1980, lokacin ma raina ta aka yi wai bata yi kama da ganga ta gaske ba, yau ga shi ba inda babu ita. Log drum ɗin amapiano kuma da ake ta ruɗewa a kai yana nan zaune cikin FL, a wani sashe nasa da ake ce ma DX10, 'yan Afirka ta Kudu ne kawai suka san yadda suka murza shi. Kayan da suke da shi kai ma kana da shi.

Matsalarmu a nan kusan kowa a sifikar waya yake jin kiɗa, waya kuma bata san Hz 50 ba ko a mafarki. Dabarar ita ce ka ɗan ƙona bes ɗin kaɗan, ka sa masa datti, sai ya haifi 'ya'ya a 100 da 150 da 200 zuwa sama, waya ta fitar da na saman, kunne da kansa sai ya cike uwar da bata fito ba. In ka bar shi fes mai tsabta a sab zai yi daɗi amma a waya ba za a ji komai ba, a ce DJ ya turo fanko.

Watan jiya na sa ƙanwar mai gidanmu ta kifa min ƙwarya a baho na ɗauka da waya, na sauke muryarta ƙasa na ɗora 808 a gindinta, wlh abinda ya fito ban taɓa jin irinsa a wajen wani bature ba. Kuma ba mu muka fara ba, Mamman Sani na Nijar tun 1978 ya ɗauki kiɗan gargajiya da fiyanon lantarki a Yamai, sai bayan shekara talatin da wani abu turawa suka sake fitar da shi suna ta mamaki. Yanzu burina in samu tambarin da Baba ya faɗa in ɗauka ranar sallah, in yanko muryar Shata in ɗora a kan 140, in ga wanda zai zauna.

TsohonDije:

Bakano tsaya nan, ƙwaryar na yarda, sauran biyun ban yarda ba.

Tambari ba kayan fati bane, na sarki ne, ba kowa ke buga shi ba kuma ba kullum ba. Na kawo shi ne dan in nuna ma yaron nan cewa cikinsa ya riga ya san bes, ba dan a ɗauko shi a sa 'yan aji biyu su yi tsalle a kai ba. Ka yi wannan a garin nan ka ga yadda dattawa zasu kalle ka, kuma suna da gaskiya. Shata kuma, Allah ya jiƙansa, tun 1999 ya rasu amma yana da iyali, muryarsa ba kayan tsintuwa bace. Mun iya zagin mawaƙan kudu in sun ɗauki namu ba izini, to mu fara da kanmu.

Ga makaɗa nan da ransu suna neman na cefane. Ka nemi mai kalangu, ka biya shi kuɗin zama, ka gaya masa abinda zaka yi da shi, ka sa masa bes ɗin a kunne ya bi. Kuma wannan ne amsar 'yata Ummi da tace ba abin riƙewa, maganarta ta tsaya min tun ɗazu. Kalangu ai magana yake. Ana matsa tsarkiyarsa a hammata murya ta hau ta sauka yadda harshenmu yake hawa da sauka, Bahaushe yana jin take ya san me aka ce ba sai an rera ba. Ga shi muryarsa a tsakiya take, bata shiga gonar sab, wato gurbin nan da Tubby yake bari in ya zare mawaƙi, mu muna da wanda zai zauna a ciki tun kaka da kakanni. Ni na gwada sau ɗaya a wani bikin abokina, mai kalangu a tsaye gefena ina riƙe masa ƙasa kawai, duk sanda na ɗauke bes shi ya cike wajen, in na dawo da shi ya ja baya. Tsofaffin mata ne suka fara tashi kafin 'yan matan.

Wahalarsa ɗaya, shi makaɗi ba ya bin na'ura, yana ja yana saki yadda fili ya bashi, kuma kiɗanmu da yawa uku uku yake tafiya alhali na kwamfuta huɗu huɗu ne a miƙe kamar layin dogo. In ka matse shi dole ya hau layin sai ya mutu a hannunka. Gara kai ka rage ganguna a naka, ka bar masa fili. A kan gqom ya fi zama dan shi dama gangarsa a karkace take.

Maganar haske da lokaci kuma na karɓa Ummi, ke kika san inda yake muku ciwo.

Ɗan_Palladan:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, Baba TsohonDije Allah ya ƙara lafiya. Na koma na duba wayoyin da na jona ranar, Injiniya kamar kana wajen, ta hagun a juye take, ja a baƙa baƙa a ja. Ban gaya ma oga ba tukunna.

Malam Makwabcinku ban san ko unguwarku bace amma ka yafe mana.

Akwai wani mai kalangu da yake yi ma mahautan unguwarmu kiɗa, muna gaisawa, zan same shi ranar juma'a bayan masallaci in ji nawa zai karɓa. Bakano in ka yarda mu haɗu a ɗakinka tunda kai ke da FL, ni zan zo da fetur. Injiniya gobe bayan azahar zan shigo da wufar a keke, ka turo min kwatancen shagon ta inbox, kuma dan Allah ka tambayar min nawa ake bada hayar inci 18 guda ɗaya na yini, da amfinsa.